Motar Gawar da Aka Auna Babu Kowa a Ciki

Rashida, ke kika tambaye ni ranar sunan ɗanki me ya sa na gaisa da kowa a rumfa hannu cike, amma da Baffanku Yakubu ya miƙo nasa na ba shi bakin yatsu kawai. Na ce miki hannun ne ke ciwo. Ƙarya na yi. Hannun nan ya tsufa yana riƙe da bakin walda bai taɓa rawa ba. Tun da ke kika yi ƙarfin halin tambaya, 'yan'uwanki maza kuwa sai kallon ƙasa, to ga amsar na rubuta muku gaba ɗaya, don kada in mutu in bar ku da kunyar da ba tawa ba ce, balle taku. Na san sunan da ake kirana da shi a bayan idona a unguwarmu Zogbeli: mai salansar da ya zubar da uwarsa a titi. Na san an faɗa muku tun kuna makaranta, na san an kai wa surukanku labarin tun kafin a kai goro. Ba ku taɓa kawo mini maganar ba, ni ma ban taɓa ɗaga ta ba, muka zauna gida ɗaya muna kewaye ta kamar rami a tsakar gida.

Sai na fara da sana'ar, in ba haka ba ba za ku gane ba, don dukkanku kun gudu daga ƙarƙashin mota kun shige ofis, kuma ban ga laifinku ba. Salansar da mota take zuwa da ita daga kamfani an lanƙwasa ta daidai cikin motar. In ta ruɓe, ba wanda yake neman ta kamfani a garin nan, kasuwa ake zuwa a sayo wadda aka ce tana shiga kowace mota, alhali ba motar da take shiga daidai. Ita ce abincinmu. A kawo mana ita mu yanka, mu gasa, mu lanƙwasa, mu rataya. Abu biyu ke ɓata aikin, rawa da matsi. Inji yana rawa, dole bututu ya yi rawa tare da shi, shi ya sa ba a ɗaure shi da ƙarfe, da roba ake rataye shi don ya sami wurin motsi. Sannan duk inda ya bi, tsakaninsa da jikin mota, da tankin mai, da ƙarfen da ya haɗa ƙafafun baya wanda muke kira aksil, sai an bar fili. Ni yatsu biyu nake bari. Wannan kowane mai walda ya sani, ko wanda ya fara jiya.

Abin da ba kowa ya sani ba shi ne a wane hali za ka sa yatsun. Motar da aka kawo maka shago ba kowa a ciki, a tsaye take ƙyam, ko'ina fili. Motar garinmu Tamale kuwa ba haka take tafiya ba. A zuba mutum bakwai, a ɗora buhun masara, a cusa akuya a baya, sai ta zauna, aksil ya taso ya cinye filin da ka bari. Ga tudun rage gudu da kowace unguwa ta gina nata da tsawon da ta ga dama. Da an hau ɗaya sai ka ji ƙwal a ƙarƙashi, mai mota ya dawo yana zaginka. Don haka ni ba na sakin mota sai na loda ta. Nakan fito bakin titi in kira masu dara a gindin darbejiya, da masu jiran babur, da duk wanda Allah ya kawo, in ce ku zo ku zauna mini. Su cika motar suna dariya, ni in shiga rami in sa yatsuna. Wasu har ɗoki suke yi, don a nan kaɗai talaka ke zama bayan motar alhazai ya harɗe ƙafa. An yi mini dariya shekara da shekaru, amma motar da ta fita daga hannuna ba ta dawowa da ƙara, kuma daga Sagnarigu har bakin kasuwa kowa ya san shagon Masta Idi.

Yakubu ƙanena ne uwa ɗaya uba ɗaya, ni na koya masa aiki, a lokacin kuma ya zama cikakken mutum da matarsa da 'ya'yansa biyu. Zan faɗi gaskiya ko da ɗaci: hannunsa ya fi nawa kyau. In ya ja walda sai ka ce ɗinkin tela. Ciwonsa ɗaya ne, ba ya iya cewa a'a ga babbar riga. In mai babbar riga ya ce masa rana ta fito daga yamma, zai ce lallai Alhaji, ni ma na lura.

A shekarar da nake ba ku labari, masallacin unguwarmu ya sami motar gawa. Gari ya faɗaɗa, maƙabarta ta yi nisa, kafaɗu sun gaji. Tsohuwar bas ce aka cire kujerunta, aka sa benci biyu a gefe, makara a tsakiya. Salansarta ta ruɓe, kwamitin masallaci ya sayo ta kasuwa, wani ya ɗaura musu ita yadda ya iya. Sai ta riƙa kaɗawa tana dukan jikin motar, kar-kar-kar, daidai ƙarƙashin makara, ana zikiri ana jin ta. Abin ya zama abin kunya. Alhaji Seidu, shugaban kwamitin, shi ya kawo ta shagonmu da kansa, a makon da aka kwantar da mahaifiyarmu, Mma Adisa, a asibiti. Ni nake jinyarta da rana, uwarku tana karɓata da yamma. Na shiga rami na duba, ban daɗe ba na ga matsalar, na fito ina wanke hannu na kira Yakubu.

"Gantsarar bututun da ke kan aksil ba ta kai ba," na ce masa. "Ka yanke ka ƙara mata tsawo. Roba uku za ka sa. Kada ka sake ta sai ka loda mutum goma ka auna."

"Na ji, Yaya," ya ce. "Je ka duba Mma, bar mini shi."

Abin da ya faru bayan tafiyata, daga bakin Azara mai koko na ji shi daga baya, wadda teburinta ke jingine da shagonmu, kuma ba abin da ke wuce idonta. Yakubu ya yanke bututun ya ƙara, amma kaɗan, yadda idonsa ya ba shi. Ya fita ya kira masu dara kamar yadda muka saba. Suka taso suna raha, sai da suka ga wace mota ce suka ja birki. Mutanen da ko wace Juma'a suke rakiyar gawa a cikinta, ranar ba wanda ya yarda ya sa ƙafa.

"Masta ƙarami," in ji ɗaya daga cikinsu, "shiga motar gawa babu gawa, ai kiran gawa ne. Ni dai ba na cikin wannan koraa, ko kaɗan."

Suka watse. Yakubu kansa bai shiga ba. Ya ce to bari ya aro buhunan masara a shagon maƙwabci ya loda a madadin mutane, kuma da ya yi haka da ban rubuta wannan takarda ba. Sai Alhaji Seidu ya daka masa tsawa.

"Motar da yake kai musulmi gidan gaskiya za ka loda wa masara kamar motar kasuwa? Auna haka nan! Gawa nawa ne nauyinsa? Kuma ka ji ni, ba na son bututun nan ya motsa ko kaɗan. Wannan roba-roba naku shi ke sa shi rawa. Ka kama shi da ƙarfe."

Alhaji ya lissafa nauyin mamaci, ya manta da na masu rai. Yakubu bai manta ba, ya sani sarai, amma babbar riga ta yi magana. Ya sa yatsunsa a mota babu kowa, ya ga fili har ya yi yawa. Ya ajiye robobin, ya yanko sandar ƙarfe ya like bututun da jikin motar. Aka tada inji, ba kar-kar, Alhaji ya sa masa albarka ya tafi. Da yamma Yakubu ya zo asibiti da ayaba a leda. Mma tana barci. Na ja shi baranda na tambaye shi, kuma ina so ku riƙe wannan, don a kansa komai ya tsaya.

"Ka loda?"

"Na loda, Yaya."

Bayan kwana huɗu Mma ta cika, da hantsi, hannunta a cikin nawa. Allah ya ƙaddara ita ce gawar farko da motar za ta ɗauka bayan gyara. Aka yi mata salla bayan azahar, aka shigar da makara, dattawa suka cika bencina biyu, ni na zauna daidai kanta. Na leƙa ina neman Yakubu don in matsa masa wuri, sai na gan shi a kan babur, ya ce zai yi gaba ya duba ko an gama kabari. A lokacin na ɗauka ƙoƙari ne irin na ɗa. Muna fita daga layinmu muka hau tudun farko, na ji ƙwal a ƙarƙashin ƙafata. Na kasa kunne. Duk duniya ba wanda ya san wannan ƙarar kamar ni. A nan nawa laifin yake, kuma ba zan ɓoye muku shi ba: da na buga jikin motar na ce direba ya tsaya, rabin mutane su sauka, da an kai lafiya. Ban yi ba. Na ji kunyar in tsayar da jana'izar uwata a kan maganar salansa, na ce a raina saura kaɗan, Allah zai rufa asiri. Tudu na biyu ya fi na farko ƙara. A na uku, da yake ƙarfe ba ya ba da hanya kamar roba, bututun ya tsage daga gaba, bakinsa ya faɗo ya soki kwalta, motar ta yi tsalle ta tsaya cak.

Makara ta zame ta karkace. Mma ta gangaro cikin likkafaninta ta faɗo a kan cinyata da ta mutumin da ke kusa da ni, muka rungume ta. Ba ta taɓa ƙasa ba. Ko daɓen motar ba ta taɓa ba, balle titi. Ina rantsuwa da wanda raina ke hannunsa, duk wanda ya ce muku an zubar da ita a titi ƙarya yake, ba ya wurin. Amma ƙofar baya ta buɗe da ƙarfin tsayawar, mutanen bakin hanya sun ga farin ƙyalle a hannunmu, kafin la'asar kuwa labarin ya kai har unguwar Vittin da ƙafafu da hannuwa. Muka mai da ita makara, muka ɗauka a kafaɗa cikin rana har maƙabarta. Kafin in bi su na durƙusa da farar rigata na leƙa ƙarƙashin motar. Na ga sandar ƙarfe inda ya kamata a ga roba, da walda mai kyau kamar ɗinkin tela.

Da muka dawo aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, mutane sun cika layi. Alhaji Seidu ya zauna, aka yi addu'a, aka shafa. Sannan ya gyara murya, ya yi maganar yadda na ƙarshen layi zai ji.

"Masta Idi, ba lokacin magana ba ne, amma jama'a suna tambayata. Wane irin aiki aka yi mana a shagonka?"

Ku duba ƙarfin hali. Mutumin da ya hana a loda, ya ce a kama da ƙarfe, shi ke tambaya. Ni a lokacin ban san nasa hannun a ciki ba, na Yakubu kawai na sani. Na juya na dubi ƙanena. Yana zaune tabarma biyu daga inda nake, kansa a ƙasa, yana jan carbi kamar an ba shi aikin ƙirga shi. Na ba shi lokaci. Na ji kukan mata daga cikin gida, na ji wani ya yi tari, na ji babur ya wuce. Bai ɗago ba. Ƙasar kabarin Mma ba ta bushe a ƙafata ba, ba zan iya tsayawa gaban jama'a in nuna ɗanta da yatsa ba. Sai na ji bakina yana cewa:

"Aikin shagona ne, Alhaji. Laifina ne. A yafe mini."

Na faɗa ne da tunanin aro na ba shi. Na ce kwana bakwai, in ya daɗe kwana arba'in, zai tashi a masallaci ya ce jama'a, Yayana yana asibiti ranar, ni na yi aikin. Da ya faɗa da an yi surutu mako ɗaya an manta, don kowa yana yafe wa ƙarami. Uwarku, Allah ya jiƙanta, ba ta taɓa yarda da wannan lissafin nawa ba. Ta san inda nake a ranar, ita ta kawo mini tuwo asibiti. Da baƙi suka ragu ta tsare ni a ɗaki.

"Malam, ka ɗauki kayan wani a kanka, shi ko sannu bai ce ba. Ka dubi idonsa kuwa? Wannan ba zai faɗa ba har abada."

"Ƙanena ne," na ce mata. "Na fi ki saninsa."

"Ka fi ni sonsa dai," ta ce, ta fita.

Ita ce da gaskiya. Masu tasi suka fara janyewa, don su ne masu yawan baki. Sai masu motocin gida. Wa zai kai motarsa wurin wanda bai iya gyara motar da za ta ɗauki uwarsa ba? In na fito bakin titi na ce ku zo ku zauna mini, sai masu dara su yi kamar ba su ji ba, su da suka san abin da ya faru, su da suka ƙi shiga. Ba ɗaya da ya buɗe baki, don kowa yana da ɗan rabonsa a cikin abin. Azara kaɗai ta faɗa mini, ita kuwa wa zai saurari mai koko a kan Alhaji? Bayan sadakar arba'in Yakubu ya ce shagon ya yi mana kaɗan, ya kwashe kayansa ya buɗe nasa a Vittin, inda sababbin gidaje suke da sababbin motoci. Alhaji Seidu ne ya riƙa tura masa mutane. Shiru ɗaya ya haɗa su, ya fi zumunci ƙarfi. Abin da ya fi ci mini rai, a can yana loda kowace mota kafin ya auna, har yau kuma in ka tambayi samarin Vittin za su ce maka dabarar Masta Yakubu ce. Ni kuwa na koma like tukunyar babur da gyaran ƙofar ƙarfe, da shi na ciyar da ku. Sau ɗaya na hau babur na same shi a shagonsa, bayan shekara ta zagayo. Ya ba ni kujera, ya aika a sayo mini ruwan sanyi.

"Yakubu, yaushe za ka faɗa?"

"Yaya, abin ya wuce," ya ce, yana goge hannu da tsumma. "In na tada shi yanzu, shago biyu zai mutu, ba ɗaya ba. Kuma kai ka ce kai ne. Ni ban sa ka ba."

Ban sha ruwan ba. Na daɗe ina neman ƙarya a cikin maganarsa ta ƙarshe don in sami abin riƙewa, ban samu ba. Bai sa ni ba. Wannan ne ya hana ni barci fiye da zagin mutane.

Motar kuwa ni na gyara ta, tun a makon makoki, ba tare da na nemi izinin kowa ba. Na sa aka jawo ta shago, na loda mata buhu goma sha biyu da rana tsaka kowa yana gani, na yanke sandar Yakubu na jefar, na ɗaga gantsarar, na rataya roba uku. Tun daga ranar ba ta sake yin ƙara ba. Ta kai Alhaji Seidu maƙabarta shiru. Ta kai uwarku shiru, ina zaune daidai kanta ina saurare duk da hawaye. Ba wanda ya taɓa tambayar wa ya yi wannan aikin. Mutane ba sa jin salansar da ba ta ƙara.

Watan jiya bututun ya sake ruɓewa, sabon kwamiti ya kawo mini ita, don yaran yanzu ba su san tsohon labari sosai ba. Ku maza kun tuna, don ku na kira ku zauna mini, ku da abokanku, kuka shiga kuna ɗari-ɗari amma kuka shiga. Abin da ba ku sani ba shi ne na aika wa Baffanku cewa ina neman mutum ɗaya ya cika goma. Shi ya sa kuka gan shi ya zo. Ya tsaya a ƙofar baya da furfurarsa da babbar rigarsa, don yanzu shi ma ya zama mai babbar riga, ya leƙa ya ga benci, ya ga inda makara ke zama.

"Shiga, Yakubu," na ce masa. "Tun shekarar Mma nake jiran nauyinka."

"Yaya, bar wannan wasa," ya ce. "Mun tsufa."

Ya juya ya tafi, kuka bi shi da kallo ba ku gane ba. Na sa aka ɗora buhun masara a wurinsa. Na shiga rami na sa yatsuna biyu, suka shige. Sannan na fito na kwanta a wurin makara, kunnena a daɓe, na ce direba ya bi ta hanyar maƙabarta. Kun yi ta cewa Baba tashi, ba kyau. Ba hauka nake ba, aikina nake saurare, don wannan karon na san wanda na yi wa shi. Muka hau tudu na farko, da na biyu, da na ukun nan, ban ji komai ba sai numfashinku.

Ban rubuta wannan don ku je ku yi masa rashin kunya ba. Baffanku ne, ku gaishe shi, ku je sunan jikokinsa. Kada kuma ku karanta masa, ya san abin da ke ciki fiye da ku. Abu ɗaya nake so. Ranar da za a fitar da ni, zai ce muku zai yi gaba ya duba kabari. Ku ce masa an riga an duba. Ku buɗe masa ƙofar baya, ku nuna masa wurin da ke daidai kaina, na auna da nauyinsa, motar za ta ɗauka. Ku jira shi gwargwadon karanta Fatiha ɗaya. In bai shiga ba ku rufe ƙofa mu tafi, kada ku ƙara masa ko minti. Sauran jiran na riga na yi.